Bakinta Ya Rufe, Kunnenta Bai Rufe Ba

Kwana huɗu ke nan kan Amarya yana sara kamar ana buga mata ƙusa a ƙeya. Shekara biyu da auren, amma sunan ya bi ta. Tana durƙushe a falo tana goge rigar mijinta, surukarta na kan kujera tana kallonta ta saman tabarau.

"Ciwon kai, kullum ciwon kai! Mu da muka haifi bakwai ba mu san shi ba."

"Dirama ce kawai, Inna," in ji Auta, ƙanwar mijin, ko ɗagowa daga wayarta ba ta yi ba.

Amarya ta buɗe baki za ta ba da haƙuri, harshe ya ƙi. Dutsen guga ya suɓuce mata, ita ma ta bi shi ƙasa.

A asibiti, wata likita mai furfura ta tara su a bakin gadon. Ta ce jini ne ya daskare a wata jijiya ta ƙwaƙwalwa, alhali ƙwayoyin da ke sa jini daskarewa sun yi ƙaranci sosai a jikinta.

"Toshewar ita kaɗai ba kasafai ake ganinta ba, balle su haɗu. Shekara ashirin ina wannan aiki, ita ce ta uku da na gani."

Likita na fita Inna ta tafa hannu, ta dubi ɗanta. "Ta uku! Duk matan duniya sai wannan ka kwaso? A jininsu abin yake, ɓoye mana suka yi. Ka rubuta mata takarda tun ba ta haifa mana irinta ba!"

"Yaya, siriyos fa," Auta ta ce. "Ko ta tashi, bebiya za ka yi ta jinya. Keken ɗinkinta ma tsatsa zai yi, gara a ba ni."

Idanun Amarya a rufe suke. Ba wanda ya yi tunanin kunnenta.

"Ba wanda ya ce gado ne," ta ji muryar mijinta. "Ko ma gadon ne, Inna, matata ce. Ki gafarce ni, ba zan rubuta ba."

Mako uku yana zuwa daga makarantar da yake koyarwa, alli a hannun riga, ya ba ta abinci a baki, ya riƙa maimaita mata kalmomi kamar ɗalibar aji ɗaya. Maganar ta dawo a hankali. Ta roƙe shi kada ya gaya wa kowa tukuna, shi kuwa ya ɗauka kunya ce. Bai san wuƙa take wasawa ba. Kowace kalma ta Inna da Auta ta haddace ta, har da inda suka ja numfashi, kuma ta rantse a gaban dangi za ta zazzage musu.

Ranar da aka sallame ta falo ya cika da masu sannu. Inna na tsakiya tana sharar hawaye.

"Ai 'yata ce! Ban rintsa ba tun da ta kwanta."

Ga dama ta samu. Amarya ta gyara zama, ta ja numfashi. Sai idonta ya faɗa kan mijinta yana miƙa wa baƙi ruwa, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Idan ta tona asirin uwarsa a nan, shi zai fara sunkuyar da kai.

Ta haɗiye maganar. Da ƙyar ta wuce.

Sai da baƙon ƙarshe ya sa takalmi, mijin ya fita rakiya, sannan ta juyo.

"Inna. Auta. Na ji duka."

Wayar Auta ta faɗi a cinyarta. Inna ta daɗe tana laluben tabarau, ga shi kuwa a fuskarta.

"Za ki... za ki faɗa wa mutane?"

"Saboda ɗanki, a'a. Amma kin san na sani."

Inna ta zamo daga kujera, ta kama hannunta, wannan karon kukan na gaske ne. Daga ranar ba a sake zancen takarda a gidan ba.

Mai haƙuri ba mantuwa ya yi ba. Ya dai zaɓi wanda zai kare ne. Kuma duk wanda ya tsaya a kan mara lafiya, ya auna harshensa, don ba kowane mai shiru ne ba ya ji ba.