Ruwan da Ya Koma Garau

Wanda ya ga Mai Fata yau zaune a ƙofar kangon masana'antarsa ba zai ce ya taɓa ɗaukar ma'aikata ba. Haɗari bai same shi ba, maƙiya ba su yi masa komai ba. Da ƙafarsa ya je.

Masana'antar jima gare shi. Masu saye daga ƙasashen waje suka ce ba za su karɓi fatarsa ba sai da takardar shaidar kiyaye muhalli. Sau biyu jami'ar bincike tana zuwa da kwalabenta, ta ɗebi ruwan da yake saki cikin rafi, baƙi ƙirin mai warin mushe, ta girgiza kai.

"Yallaɓai, sai ka gina wurin tace ruwa."

Ƙanensa mai kula da injuna ya ce, "Yaya, mu gina kawai, shekara ɗaya ce fa."

Shekara ɗaya ta yi wa Mai Fata nisa. Da hantsi ya tafi wurin wani boka a bayan tsohon gareji. Ɗakin ba taga. Ƙahonni jere a bango, baƙar tukunya an ɗaure bakinta da jan ƙyalle, hayaƙi na fita ta ƙarƙashinta alhali ba wuta. Boka ya juye ruwan jimar cikin ƙwarya, ya tsaga yatsan Mai Fata, jini ya ɗiga sau uku. Nan take ruwan ya koma garau.

"Haka duk mai bincike zai gan shi," in ji boka. "Amma datti ba ya ɓacewa. Masauki ake sauya masa."

"A ina zai sauka?"

"Sani kake so, ko takarda?"

Mai Fata ya kalli ƙwaryar. Ya ce, "Takarda."

A wata guda takardar ta fito da hatiminta. Manyan motoci suka yi layi a ƙofarsa, ya gina bene, har ana gayyatarsa taro ya koya wa 'yan kasuwa tsabtar muhalli.

Inna, mahaifiyarsa, aka fara da ita. Fatarta ta bushe ta yi baƙi, tana tsagewa, ɗakinta ya ɗauki warin jima. Likitoci suka auna jini, suka auna fitsari, suka ce lafiyarta ƙalau. A nan ya gane: ashe su ma masu bincike ne. Ranar da aka binne ta, autarsa ta miƙo masa hannu ta ce, "Baba, ka ga jikina yana ƙaiƙayi." Ba ta kai wata biyu ba. Ƙanensa, wanda ya ɗauki gawar, ya shiga banɗaki yana dirzar hannunsa da soson ƙarfe har nama ya fito, yana dariya. Da igiya aka fitar da shi.

Matarsa ta tsare shi a falo. "Baban yara, ka dube ni. Me ka yi?"

Ta kwashe sauran 'ya'yan ta tafi.

Ya koma bayan gareji, ya tarar da ɗaki wayam. Sai ya cika kwalba da baƙin ruwan, ya nufi ofishin jami'ar, ya durƙusa ya faɗa mata komai, yana roƙon ta soke takardar, ta sa a kama shi. Ta ɗaga kwalbar a hasken taga.

"Yallaɓai, rashin da ka yi ne ya taɓa ka. Ruwan nan ko jariri a ba shi. Je ka huta."

Da hannunsa ya kashe injunan ya sallami kowa. Yau duk wanda ya wuce sai ya tare shi ya ce, "Ni na kashe uwata da 'yata." Mutane su ce Allah sarki, su wuce.

Kai da kake ganin hanyar gaskiya ta yi tsawo, ka ji tsoron Allah. Kwaɗayi ya kai wannan bawan inda ko hukunci ya roƙa ba mai ba shi.