Wa Ke Shan Batirin Baba?

Ranar da ya fara ganinta, turin mota take yi. Motar Babanta ce ta ƙi tashi a ƙofar gida. Baba na riƙe da sitiyari yana ta faɗa, ita kuwa Auta ta ɗaure mayafi a ƙugu ta dafa bayan motar tana nishi. Shi mai gyaran wayarin mota ne, garejinsu na ƙarshen layin. Ya ajiye jakarsa ya kama turi a gefenta.

"Ki huta, ranki ya daɗe. Waɗannan hannayen ba na turi ba ne."

"Na mene ne?" ta ce tana hararsa.

"Sai na yi bincike tukuna."

Motar ta tashi. Zuciyarsa ce dai ta ƙi komawa mazauninta.

Washegari Baba ya kai motar gareji, Auta ta biyo shi da makullin gida da ya manta, ta koma gida da lambar wayar saurayin. Tun daga nan ta raɗa masa suna Injiniya, shi kuma ba ya kiranta sai Zinariya.

"Injiniya, ka gano ciwon motar?" ta rubuto masa.

"Ina nan a kai, Zinariyata. Nawa ciwon dai na gano shi, yana sanye da mayafi ruwan toka."

Sai dai motar ta zame masa ƙarfen ƙafa. Ya auna batir da mita, lafiya lau. Ya duba altaneta mai caja batir, tana caji. Ya zare fis ɗaya bayan ɗaya, babu inda wuta ke zurarewa. Motar za ta kwana biyu a gareji ta tashi da bugu ɗaya, amma da ta koma gida, safiya ta biyu shiru kake ji. Sau uku ana haka.

Ana cikin wannan ne ɗan aminin Baba, mai shagon batura, wanda ya daɗe yana son Auta, ya kawo sabon batir kyauta. Kwana huɗu batirin ya yi, shi ma ya mutu.

"Ai yaron nan ne ya jagwalgwala wayoyin," in ji mai batura.

Baba ya kira Auta falo. "Ɗayan biyu ne. Ko bai san aikinsa ba, ko yana sane yake barin cutar don ya samu hanyar zuwa gidana. Duk wanda ya kasance a ciki, ba zan ba shi 'yata ba."

Maganar ta tsaya mata a rai. Ta rubuta wa Injiniya: "Don Allah ka gaya min gaskiya. Da gangan kake ƙin gyarawa?"

Amsarsa gajera ce. "Idan ke ma haka kike ganina, shi ke nan."

Kwana biyu babu wanda ya nemi wani. A na uku ta kira shi tana kuka.

"Ka yafe min, Injiniyana."

"Ya wuce, hasken idona. Share hawayenki ki taimake ni. Me Baba yake yi kafin ya kawo min motar? Kada ki tsallake komai."

Dariya ta ƙwace mata cikin kukan. "Kwashe kayan but ɗin bayan mota yake yi tas! Jak, lema, har kujerarsa ta naɗewa da yake zuwa hira da ita. Wai masu gyara dogon hannu gare su."

Nan take ya ce, "Kujerar tana ciki yanzu? Kunna bidiyo a wayarki, ki saka ta a but ɗin, ki rufe kamar yadda yake rufewa."

Minti biyar sai ga bidiyon. But a rufe, amma ciki fayau da haske. Ƙafar kujerar ce ke tokare murfin, ya kama sama-sama bai datse ba, ƙaramar fitilar ciki ta yi ta ci dare da rana tana shan batir.

Da yamma ya zo, ya tarar da Baba zaune da amininsa da mai batura. Ya durƙusa ya gaishe su.

"Baba, alfarma ɗaya nake roƙo. Mu je wajen motar, ni da kai kawai."

A can ya nuna masa bidiyon, ya juya kujerar ta kwanta ɗaya gefen, ya danna murfin. Ƙas! Ya datse.

Baba ya daɗe yana kallon kujerar. "Wato ni ne ɓarawon da nake nema."

"A'a Baba, kujera ce."

"Me ya hana ka faɗa a gabansu? Da ka wanke kanka."

"Motarka ce, Baba, sirrinka ne."

Baba ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Da suka dawo, mai batura ya tambaya da murmushin mugunta, "To, me aka gano?"

"An gano suruki," in ji Baba. Ya juya ga saurayin. "Ka turo magabatanka."

Auta da ke laɓe bayan labule ta toshe baki da mayafi ta ruga ɗakin Mama.

Bayan wata uku aka ɗaura aure. Da za a tafi da amarya, Baba ya kamo hannunta ya damƙa a na angon.

"Autata ce, akwai rigima, a wurina ta gado. Ka yi haƙuri da ita kamar yadda ka yi da ni. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuri'a ta gari."

"Amin, Baba," suka ce tare.

Ango ya sunkuyo saitin kunnenta. "Daina kukan haka, Zinariya. Ƙarshen layi kawai za mu."