Ruwan Zafin Bahon Mani

Ranar wata Laraba, bayan la'asar sakaliya, na fita sayen 'yar roba guda. Roba kamar zobe, wadda ba ta kai girman kwabo ba. Ita ce ta ja mini abin da har yau mutanen unguwarmu suke cewa laifina ne. Ni kuwa har gobe ina cewa an zalunce ni.

Sunana Mani. Duk Dogon Dutsi in ana lissafin masu bahon wanka irin na Turawa, wanda mutum ke miƙe ƙafa a ciki, ba a kai yatsa na uku ba a ambace ni ba. Ni na girka shi da kaina, da dush mai yayyafo ruwa a samansa, da tankin da rana ke dafa ruwansa a kan rufi. Tiyon da ke fitar da ruwan wanka kuwa na huda katanga na kai shi gindin tsohuwar tsamiyar da ke bayan gida. Na ce ita ma ta sha arziki.

Ɗiyata Afra'u ta zo gida wankan jego. Kwana shida da haihuwa, gobe suna. Na riga na cika baki gaban surukai cewa ba a gidana za a hura wuta a tsakar gida ana ta hayaƙi ba, a baho za ta yi wankanta. Sai majuyin ruwa ya ƙi. Wato ɗan ƙarfen nan da ake ja sama ruwa ya fito ta dush, a danna shi ƙasa ya zuba cikin baho. Ya maƙale a sama. Ruwa sai ɗis-ɗis ta dush, baho a bushe. Matata Asiya tukunya kawai ta ɗora a murhu tana kallona. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Barnabas mai gyaran fanfo yana shirin rufe shago na isa. Ya miƙo mini robar, ya dubi rana.

"Mani, ka bari sai da safe in zo in yi maka shi."

"Wanda ya girka baho shi za a koya wa roba?"

"To. Amma in za ka wanke tiyo da ruwan zahi, ka yi magana kahin ka saki. Ka san inda tiyonka ya ƙare."

Na yi dariya har da dukan cinya. Haka uwata take yi, Allah ya jiƙanta. Ba ta taɓa watsa ruwan zafi ƙasa ba sai ta ce, "Gafara masu wuri, ku janye ɗiyanku." Na ce masa, "Kai da ke zuwa coci, kai ke tuna mini wannan? Wancan don masu ƙwarya ne. Ni zubawa nake? Tiyo ke zubawa."

Bai yi dariya ba. Ya ja ƙofar shagonsa.

Na dawo rana ta yi ja bayan dutse. Na rufe ruwa duka biyu: na zafi makunninsa ja ne, yana waje, jikin tsani; na sanyi yana ciki, daidai gwiwa. Na kwance robinen, wato kan fanfon, gaba ɗaya daga bango, bakin tiyo biyu suka rage a buɗe. Na warware majuyin. Farar ƙasa ta daskare a ciki kamar kanwa, tsohuwar robar ta rududduge. Na kankare, na jiƙa shi da ruwan tsami, na sa sabuwa. Ya koma yana hawa da sauka lafiya lau. Aiki na gwani, kuma ba kowa kusa da zai yaba.

Saura wanke tsakuwar da ke cikin tiyo kafin in mayar.

"Asiya! Buɗe mini jan makunnin nan!"

"Yanzu? An kusa kiran salla fa."

"Ki buɗe dai."

Na ji ƙarar ƙarfe, na ji takalmanta sun nufi wajen buta. Ruwan ya yi tari a cikin bango, sannan ya feso. Ruwan watan Afrilu, wanda rana ta yini tana dafawa. Tururi ya cika ɗakin. Ya daki baho, ya kwarara cikin rariya.

Ban ce gafara ba. Fito ma nake yi.

Sai kukan jariri.

Na ce a raina jikata ta farka. Amma ɗakin Afra'u yana hannun dama ne, can ƙetaren tsakar gida. Wannan kukan daga ƙasa yake. Na sunkuya. Daga cikin rariyar bahon yake tahowa, siriri, mai tsinkewa, irin na wanda numfashi ke ƙare masa.

Wani wari ya biyo shi. Ƙaurin gashi, da jiƙaƙƙiyar ƙasa, da ɗanyar tsamiya.

Na ja ƙofa. Ƙofar da ko sakata ba ta da ita ta ƙi motsi.

"Asiya! Rufe! Rufe ruwan!"

Muryata ba ta fita ba. Ta tsaya nan cikin tururi, kamar na yi magana cikin bargo. Ladan ya fara kiran salla, na ji shi nesa ƙwarai, kamar daga garin Matankari.

Akwai 'yar taga a ɗakin, can kusa da rufi. Sai da tsani na kafa ta. Hasken da ke shigowa ta nan ya ɗauke.

Fuska ce ta toshe ta.

Kuma mai fuskar sunkuyowa ta yi.

Ban ga ido sosai ba. Na ga gashi yana zubowa ta cikin ƙarafan tagar, a hankali, yana bin bango.

"Wa ya zuba?"

Raɗa ce, amma a haƙorana na ji ta. Ni kuma, Allah ya shirye ni, halin da na girma da shi bai bar ni ba.

"Ranki shi daɗe... tiyo ne."

Ruwa na ta zuba. Kukan na ta sirancewa.

"Akwai jinjira gidan ga," in ji ta. "Ba ta da suna tukuna. Ba wanda zai iya kiranta ta dawo."

Na dafa bakin baho.

"Tawa ɗiyar ta huce," ta ce, "ko in ɗauki taka."

Fuskar ta janye. Na ji kwanon rufi ya lotsa. Sau ɗaya. Sau biyu. Wajen hannun dama.

Na faɗa kan makunnin sanyi na murɗa da hannun hagu. Ruwa ya fito, amma na zafin ya fi shi ƙarfi, suna haɗuwa yana cinye shi. Na cusa tsumma a bakin tiyon zafi, ya tofo shi. Na cusa hulata, ya tofo ta.

Kwano ya sake lotsawa. Can ƙetaren tsakar gida, jikata ta tsala ƙara.

Na sa tafin hannun dama na toshe.

Ba zan yi muku ƙarya ba a nan, ko da yake na iya. Na yi ihu irin wanda namiji mai gashin baki bai kamata ya yi ba. Na ji fata tana motsi ƙarƙashin ƙarfe. Na danna da kafaɗa, na danna da goshi a kan hannun. Ruwan sanyi kaɗai ya rage yana gangara cikin rariya.

"Gafara," nake cewa. "Gafara masu wuri. Gafara."

Kuka biyu. Ɗaya a ƙasa, ɗaya a dama.

Na ƙasan ya koma shessheka.

Ya koma ajiyar zuciya.

Ya yi shiru.

Na daman bai tsaya ba, kuma ban taɓa jin abu mai daɗi kamarsa ba.

Asiya ce ta turo ƙofar da yatsa ɗaya, da carbi a hannunta. Ita ta ruga ta rufe jan makunnin. Ta ce raka'a uku kawai ta yi. Ta ce ba ta ji komai ba sai ni ina fito.

Washegari aka raɗa wa yarinya suna Ummu, ni ina asibiti hannu a naɗe. Barnabas ya zo ya mayar da robinen, ya tona rami a cikin gida ya juya tiyon daga tsamiyar. Afra'u ta ƙarasa wankanta da tukunya da ganye, a tsakar gida, cikin hayaƙi. Yatsuna uku ba su ƙara miƙewa ba. Ina gaya wa mutane kura na shaƙe a hanyar Dogon Kiriya, ba mai yarda.

Ummu tana da shekara huɗu yanzu. Makon jiya, gab da magariba, na same ta tsugune a bakin katangar baya tana raba ƙosai biyu, tana ajiye rabi a ƙasa.

"Ke da wa, amarya?"

"Ni da ƙawata." Ta kama hannuna na dama, ta juya shi, ta ɗaga shi sama wajen katanga kamar mai nuna wa wani. Ta ɗan saurara.

"Ta ce nata bayan ya warke, Kaka. Ta ce innarta na gaishe ka."