Koren Awarwaro

Wata uku ke nan da jiragen ruwanmu na yaƙi suka bar gaɓar Vijaydurg don tare Turawan Fotugal, mijina Bhikaji bai dawo ba. Uwarsa ta ce in fasa koren awarwarona na gilashi, yadda matar mamaci ke yi. Na ƙi, tunda ba wanda ya ga gawa.

Wani dare ina tsince shinkafa a bakin ƙofa, sai wani mutum ya taso daga wajen teku. Warin albarushi ya riga shi isowa. Ba a yi ruwa ba, amma rawaninsa na ɗiga. Ya tsuguna inda hasken fitila bai kai ba.

Na ce, "Baƙo, ko ka ji labarin mutanenmu?"

"Ke, har yanzu kina barin tsakuwa a shinkafa?" Muryar kamar daga cikin tulu take fitowa. "Bi maganar Inna. Jiran ya isa haka."

Ya riƙe hannuna da yatsu masu sanyi. Awarwaron ya fara tsagewa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar yana gudun ya ji mini ciwo.

Shekara tara muna tare, ban taɓa kiran sunan mijina ba. A daren nan na kira.