Ba a Ƙona Buhu a Tamale

"Ba zan kai shi kotu ba, yallaɓai."

Kwamanda Atta ya ɗago kai ya dubi Sufeto Maltiti Abukari kamar kunnensa ne ya yi masa ƙarya. Mutumin Kudu ne, ya daɗe a Tamale, Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk "kai" yake ce musu.

"Kai Maltiti, ba shawara na nema ba, oda na ba ka. An sace takin Onarabul, an ga motar Mosi a bakin sito, Mosi yana sel a kulle. Me ya rage?"

"Bincike ya rage, yallaɓai. Ko siton ban gani ba."

"Sunanka yana cikin masu samun ƙarin girma bana. Ni zan sa hannu. Ka tuna."

"Na tuna. A ba ni zuwa Litinin."

Ta ƙame, ta sara masa, ta fita kanta a sama. 'Yar mai turara shinkafa ce daga Gumbihini, hayaƙin tukunya ne ya kai ta har jami'a, kuma tun tana ƙarama ba ta iya cewa "to" idan zuciyarta ta ce "a'a" ba.

Ga abin da ya faru. Onarabul Mutaru Sayibu ɗan majalisa ne na wata mazaɓa a Tamale, yana cikin kwamitin tsaro, kuma ba ya shiga rediyo ya fita bai yi maganar iyaka da 'yan fasa-ƙwauri ba. Duk shekara kafin ruwa ya zauna yakan raba wa manoman mazaɓarsa takin zamani. A safiyar wannan Asabar manoma suka taru, aka buɗe sito, aka ɗauke sahun gaba na buhuna, sai ga baya wayam. Fataw, ɗan yayar Onarabul kuma shugaban ofishinsa, ya nuna wani mai fataucin albasa ɗan ƙabilar Mosi daga Burkina mai suna Salfo. Kafin rana ta take, Kwamanda ya gaya wa rediyo cewa ɓarawo ya shiga hannu.

Sajan Elikem ya tuƙa ta zuwa siton. Fataw yana tsaye a bakin ƙofa cikin rigar saƙi ta batakari mai tsada, waya a kowane hannu.

"Madam, sannu da zuwa. Ai aiki ya ƙare, wahala kawai kika yi."

Maltiti ta juya kwaɗon ƙofar a tafin hannunta. Ko ƙwarzane babu.

"Wa ke riƙe da mabuɗi?"

"Ni da Onarabul. Amma mutanen nan na ƙetare, Madam, kwaɗo ba ya tsayar da su."

"Ka ga Salfo yana lodi?"

"Motarsa kullum tana nan gefe. Mai albasa me yake nema a bakin siton taki?"

Ta shiga ciki, ta zagaya bayan buhunan da suka rage. Kowanne ɗauke da hoton Onarabul, da hularsa da gashin bakinsa, yana murmushi. A ƙasa kuwa ƙwayoyin taki ne warwatse, da guntayen farin zare masu yawa. Ta tsinci ɗaya ta miƙa wa Elikem.

"Me ka gani, Sajan?"

"Zare, Madam."

"Zaren bakin buhu ne, kuma warware shi aka yi a tsanake, ba yagewa ba. Ka taɓa ganin ɓarawon da ya fasa sito, sannan ya zauna yana warware ɗinki?"

"Sai dai in ya zo da kujera da shayi," in ji Elikem.

A caji ofis aka fito mata da Salfo, dogon dattijo mai furfura a gemu. Ya durƙusa zai gaishe ta, ta ce ya hau benci.

"Baba, me ya kai motarka bakin siton?"

"Ban san siton ba, Madam."

"Baƙin mai daga injinka ya ɓata ƙasar wurin. Kada ka sa in gaji da kai tun ban fara ba."

Ya sunkuyar da kai. "Onarabul ne da kansa ya ce in riƙa ajiye ta a can. Na je zamansa na jama'a na kai kuka cewa babu wuri a kasuwa, ya ce baƙon da ya shigo ta ƙofa ba a barinsa a rana."

"To me ya sa ka yi ƙarya?"

"Tsoro."

"Me ka gani a wurin?"

"Duk Juma'a, idan maigadi ya tafi masallaci, wata motokin mai ƙafa uku takan zo. A loda fararen buhuna marasa rubutu, ta tafi. An nemi in ƙetare da su, na ce ni albasa na sani."

"Wa ya nema?"

Salfo ya dubi bango. "Madam, baƙo ba ya nuna ɗan gida da yatsa. Ke gobe kina nan. Ni hanya zan bi." Ya juyo ya dube ta. "Albasata tana cikin mota a rufe. Zafin nan ba zai bar ta ba."

Ta sa Elikem ya je ya yaye tamfol ɗin motar don iska ta shiga, ita kuma ta hau babur ɗinta zuwa unguwar Vittin, gidan Onarabul.

Onarabul Mutaru yana zaune a ƙarƙashin mangwaro a tsakar gidansa, jama'a sun cika bencina. Wata tana kukan rijiyar burtsatsen unguwarsu, wani yana neman a sa baki a gyara gadar da ruwa ya ci. Kowa ya saurare shi har ƙarshe, ya tsokani wannan, ya tambayi wancan lafiyar tsohuwarsa. Da ya hango kakin Maltiti sai ya sa aka kawo mata kujera.

"'Yata, ke ce kika ƙi bin oda? Labari ya riga ki."

"Ni ce, Onarabul. Tambaya ɗaya ta kawo ni. Me ya sa hotonka yake kan buhunan?"

Ya yi dariya. "'Yan adawa sun ce son a sani ne. To, akwai wannan ma, ba zan ɓoye ba. Amma ji. Na sha faɗa a majalisa, iyakarmu ba katanga ba ce. Gonar mutum ɗaya rabinta nan, rabinta can, a yi aure nan, a yi suna can. Ba soja ne zai tsare irin wannan iyaka shi kaɗai ba, idon mutanen ƙauye ne. Taki kuwa can ya fi tsada, shi ya sa ake kwashe namu. Na ce bari in sa fuskata. Duk wanda ya ga wannan gashin baki yana ƙetare iyaka a kan jaki, ya san kayan sata ne."

"Ke nan mai son ƙetarewa da shi dole ya juye a wani buhu."

"Dole."

"Ka yarda Salfo ne?"

Murmushin ya ragu. "Ni na ba shi wurin. Tun safe mutane ke ce mini, ga sakamakon sakin fuska ga baƙo. Idan shi ne, bakina ya mutu a majalisa. Idan ba shi ba ne…"

A hanyar fita Elikem ya iso ya tarar da ita. Ta gaya masa abin da ta ji.

"To buhunan masu hoto ai an ƙone su, Madam. Ni da ni ne, wuta zan sa musu."

"Kai ɗan Volta ne can Kudu, Sajan. A Tamale ba a ƙona buhu. Da za ka cinna wa sabon buhu ashana a gaban uwata, sai ta manta kai ɗan sanda ne."

Washegari da hantsi suka nufi unguwar Changli, gidan su Fataw, mai riƙe da ɗayan mabuɗin siton. Tun daga zaure ƙamshin turararriyar shinkafa ya tarye ta, irin wanda ta tashi a cikinsa. Wata tsohuwa tana baza shinkafa da ƙafa a kan wata ƙatuwar shimfiɗa fara sol da ta kusa cinye tsakar gidan. Mma Awawu ce, mahaifiyar Fataw, yayar Onarabul.

Maltiti ta rusuna ta gaishe ta da Dagbanci, tsohuwar tana amsawa da "naa, naa". Ta ce Fataw ya fita. Maltiti ta tuɓe takalmi, ta hau shimfiɗar, ta shiga taya ta bazawa.

"A'a, 'yar sanda ta iya? 'Yar wa ce ke?"

"'Yar Mashudatu mai shinkafa ta Gumbihini."

"Shi ya sa. Ƙafar ba ta ƙarya."

"Mma, wannan shimfiɗa taki ta yi kyau. Wa ya ɗinka?"

"Ni da basillata," in ji tsohuwar tana washe baki. "Yaran zamani ba su san darajar abu ba. Fataw ne yake zuwa da su duk Juma'a, ya kai bayan gida wai zai ƙona. Sababbin buhuna, ko huda babu. Na ce wuce ka ba ni wuri, ni zan ƙona maka. Yana fita nake tura su ƙarƙashin gado. Na wanke, na farke, na kifa su don kada in shanya shinkafa a kan fuskar ƙanena."

Maltiti ta tsuguna ta ɗaga gefen shimfiɗar. Onarabul ya yi mata murmushi daga ƙasa. Ta ƙara ɗagawa, ga shi kuma, ga shi kuma, sahu bayan sahu.

Ta daɗe a tsugune. Tsohuwar tana ta ba ta labarin yadda ake ninka bakin ɗinki don kada ya zare.

"Mma, zan ari shimfiɗar nan. Sajan zai kawo miki tamfol ki juye shinkafar."

Mma Awawu ta dubi kakin, ta dubi shimfiɗar. Ƙafarta ta tsaya da bazawa.

Ranar Litinin da safe aka haɗu a ofishin Kwamanda. Onarabul yana zaune, Fataw yana tsaye a bayansa. Maltiti da Elikem suka warware shimfiɗar a ƙasa, fuska sama. Ta cika ofishin har ta hau ƙafar tebur.

"Fataw, ina kake yin sallar Juma'a?"

"Babban masallaci, Madam."

"Maigadi ya ce duk Juma'a kai kake sallamarsa ya tafi, ka ce za ka kula da ƙofa. Waɗannan kuma a gidanku na samo su. Mahaifiyarka ta ce kai ka kawo."

"Tsofaffin na bara ne."

"Na bara hulata ja ce," in ji Onarabul a hankali, bai waiwaya ba. "Wannan baƙa bana na sa ta."

Wayar da ke hannun Fataw ta faɗi. Ya durƙusa ya kama gefen batakarin kawunsa.

"Kawu, ka yafe mini. Takin yana nan, ba a taɓa ba, yana wani kango a bayan Vittin. Mota nake jira. Salfo ya ƙi ɗauka, na ji tsoron zai tona, shi ya sa na riga shi. Na ga kowa zai yarda, tunda baƙo ne." Ya share fuska. "Na ce mata ta ƙona. Ta ce mini ta ƙona."

Kwamanda Atta ya yi gyaran murya. "Onarabul, wannan maganar gida ce. A kwaso taki, a saki Mosi shiru ya kama hanya, a rufe fayil. Maltiti, ka naɗe wannan abu."

"Ba zan naɗe ba, yallaɓai. An kira sunan Salfo a rediyo da ɓarawo. Idan ya fita shiru, da sunan zai koma gida."

Onarabul ya daɗe yana kallon fuskokinsa a ƙasa, da ɗinkin yayarsa da ya haɗa su.

"Shekara da shekaru ina cewa a sa ido a iyaka," ya ce, "ashe a zaurena ta ɓule. Sufeto, yi aikinki. Rediyo kuma ni zan je da kaina."

Elikem ya sa wa Fataw ankwa ya fita da shi.

Da azahar aka saki Salfo. Albasar ƙasan mota ta ruɓe, ta sama ta tsira. Ya ɗora hannu a ƙirji ya yi mata godiya. Kafin mako ya fita manoma suka karɓi takinsu a fararen buhuna, ruwa kuma ya sauka a kan lokaci. Mma Awawu ta daina shiga gidan ƙanenta.

Kwamanda bai sa hannu a ƙarin girman Maltiti ba. Mutumin da aka sa ya haɗiye maganarsa a gaban gari ba ya mantawa. Kafin wata ya ƙare aka tura Maltiti wani ƙaramin ofis a bakin iyaka, ɗaki biyu da tuta, inda waya ba ta kamawa sai an hau tudu. Onarabul ya aiko cewa zai yi magana a Accra. Ta mayar masa da godiya, ta ce ya bar shi, ba ta son a buga hoton kowa a kan kakinta.

Can take yanzu. Da yamma takan zauna a kan shimfiɗar buhu da uwarta ta ɗinka mata, tana kallon jakuna da babura suna wucewa, mutanen ƙauye suna tsayawa su gaya mata abin da suka gani a hanyar daji. Tana cin tuwonta da daɗi, tana barci ba juyi.

Abin da kalmar "a'a" ta ci mata ke nan: ƙarin girman da sa'o'inta suka samu, ɗakinta na Tamale, da ganin mahaifiyarta kullum bayan aiki. Ta san haka zai kasance tun ranar da ta faɗa, kuma ba ta nemi ragi ba.