Sa Hannun Abuya

"Kai da ko ƙofar kasuwar hannun jarin ba a barinka ka shiga, kai ne za ka faɗa mini ranar faɗuwarta?"

Rabi'atu ta tsaya cak a bakin majalisi, ɗakin baƙi, tiren shayi a hannunta. Mahaifinta Abdulghaffar, wanda take kira Abuya, shi ke magana, yana nuna talabijin da carbinsa. Muntaka kuwa, mai neman aurenta da ke kiransa Ammi, wato kawu, yana zaune a gefen kafet, kansa a sunkuye.

"Ammi, ban ce na san ranar ba. Abin da nake gani a unguwar Balad kawai na faɗa. Mata suna cire awarwaron zinare suna sayarwa don su sayi hannun jari. Mai sayar da waken ful na bakin layinmu ma ya ci bashi ya zuba... Idan kowa ya gama saye, wa ya rage da zai saya?"

"Halas! Ya isa, sha shayinka."

Ta ajiye tiren ta koma ciki, ba ta kalli ko ɗaya daga cikinsu ba.

Ƙarshen shekarar 2005 ke nan, lokacin da babu wata hira a Jidda sai ta hannun jari. Shekara ashirin da tara Abdulghaffar yana aikin ajiye kaya a wani ofishin gwamnati kusa da tashar jirgin ruwa, saura wata takwas ya yi ritaya. Kowane wata ana yanke wani abu daga albashinsa a zuba a asusun ajiyar ma'aikata. Gida biyu ne a asusun: gidan ajiya, inda kuɗi ke kwance ba riba mai yawa ba asara, da gidan hannun jari. A makon farko na kowane wata ma'aikaci yana iya cike takarda ya matsar da kuɗinsa daga wannan zuwa wancan.

Rabin kuɗinsa yana can, rabi yana nan. Yanzu so yake ya kwashe duka ya mai da gidan hannun jari. Ya riga ya ga gidan da yake so a unguwar Madain Fahd, mai ɗaki huɗu da rufin shanya. Ya gaji da haya a Kurayyat.

Abin da ofis ba su sani ba, ciwon suga ya cinye masa ido. Yana gane fuska, yana gane kala, amma ƙananan rubutu sun daɗe da ɓace masa. Saboda haka a gida yake sa hannu a ƙasan takarda, Rabi'atu ta cike sauran, ya naɗe a ambulan ya kai. 'Ya ɗaya ce gare shi. Tun tana aji uku a sakandare take karanta masa komai, daga takardar wuta har ta asibiti.

Akwai wata takardar kuma da ke jiran sa hannunsa, a cikin durowa ƙarƙashin talabijin. Muntaka haifaffen Jidda ne, amma da iƙama, takardar zaman baƙi, yake zaune, yana riƙe da littafin lissafin wani shagon yadi a Balad. Su Rabi'atu kuwa suna da takardar ƙasa. Kafin a ɗaura musu aure sai an nemi izini, kuma sai uban yarinya ya sa hannu a takardar neman.

"In mun koma sabon gida," haka Abuya yake cewa kullum.

Da la'asar ɗin ranar da aka yi musun, Muntaka ya kira ta a waya.

"Ya ƙalbi, na ɓata masa rai ko?"

"Ka san halinsa. Muntaka... da gaske kake za ta faɗi?"

"Tsoro nake ji kawai. Shekara ashirin da tara fa, Rabi'a! Ba kuɗin da za a sake tarawa ba ne."

"To me zan yi?"

"Ba komai. Kuɗinsa ne. Ki yi masa addu'a."

A farkon watan Hajji, Abuya ya kira ta. Ya lalubo ƙasan takardar da yatsa, ya yi sa hannun nan nasa mai doguwar wutsiya.

"Duka, ya binti. Gidan hannun jari. Kar ki bar ko riyal ɗaya."

Ta shiga ɗakinta da takardar. Akwatuna biyu ne ƙanana, ɗaya a saman ɗaya, tsakaninsu bai kai faɗin yatsa ba. Ta daɗe tana kallonsu. Ta tuna yadda yake dawowa daga aiki da kumburin ƙafa. Ta tuna muryar Muntaka.

Ta sa alama a akwatin sama. Duka, gidan ajiya.

Ta fito ta miƙa masa. Ya ɗaga takardar kusa da fuskarsa kamar mai dubawa, ya gyaɗa kai.

"Allah ya yi miki albarka."

Ba ta iya cewa amin ba.

Kasuwa kuwa ba ta faɗi ba. Hawa ta ci gaba da yi. Kullum bayan azahar Abuya na gaban talabijin, lambobi na gudu a ƙasan allo. Ba ya iya karanta su, amma kore dai yana gani.

"Fatsuma! Zo ki ga gidanki yana tashi!"

Ummi, mahaifiyar Rabi'atu, ta leƙo daga kicin tana dariya. "Abu Rabi'a, ni dai a sa mini babban famfo a saman rufi."

"Har biyu!"

Rabi'atu sai ta tashi ta ce za ta duba wanki.

Sati huɗu abin ya ɗauka. Ranar wata Talata ya dawo daga ofis tun kafin lokacin tashi. Bai yi sallama da ƙarfi kamar yadda ya saba ba. Takardar bayanin asusu tana hannunsa a buɗe. Abokin aikinsa Badaru ne ya karanta masa ita a gaban mutane, bayan kowa ya gama faɗin ribar da ya ci a watan.

"Rabi'atu."

"Na'am, Abuya."

"Badaru ya ci dubu sittin. Ni ya ce riyal ɗari tara na ci. Kuskuren ofis ne?"

Ta durƙusa. "A'a, Abuya."

"Muntaka ne ya sa ki?"

"Wallahi bai sani ba! Ni ce... tsoro na ji..."

"Tsoro." Ya zauna a hankali. Bai ɗaga murya ba, abin da ya fi ba ta tsoro ke nan. "Na ɗaga takardar nan a gabanki ina yi kamar ina gani. Kina tsaye kina kallona. Kin san ba na gani, shi ya sa kika yi."

"Abu Rabi'a, yarinya ce..." in ji Ummi.

"Yarinya ce da take da ido, ni ba ni da shi."

Ya buɗe durowar ƙarƙashin talabijin, ya ɗauko takardar neman izinin aure. Rabi'atu ta runtse ido tana jiran ƙarar yagewa. Bai yaga ba. Ya miƙa wa Ummi.

"Ki mayar wa uwarsa. Kar ya sake taka mini gida."

Washegari ya sa Badaru ya cike masa sabuwar takarda a ofis. Duka kuɗin suka koma gidan hannun jari, a makon farko na watan Muharram.

Ta kira Muntaka a waya ta gaya masa abin da ta yi.

"Me ya sa, Rabi'a? Na ce miki kuɗinsa ne!"

"Kai ka ce za ta faɗi!"

"Na ce ina tsoro. Bara ma haka na ce, ta ninka a idona. Ni wa ye? Mai lissafin yadi!"

"To yanzu ni ce mai laifi a ko'ina..."

"Ba haka ba ne, habibti. Amma ba zan ƙara kiranki a ɓoye ba. Ya isa haka abin da aka yi a bayan idonsa."

Ya kashe. Ta zauna da wayar a cinya har ta daina haske.

A ƙarshen watan Fabrairu kasuwa ta juya.

Babu wanda ya karanta wa Abuya komai. Ja ma yana gani. Ranar farko ya ce gyaran murya take yi. Rana ta uku ya ce manya ne ke tsorata ƙanana don su saye da araha. Ya so ya fitar, amma sai makon farko na wata. Da makon ya zo, Badaru ya ce wauta ce a fita yanzu, ai za ta dawo. Wata na gaba aka sake faɗin haka.

Ba ta dawo ba.

Gidan ya yi shiru. Ummi ta daina zancen famfo. Takardun da ke zuwa Abuya yakan zuba su a aljihun rigarsa ya kai wa mai shagon ƙasa ya karanta masa. Har takardar wuta. Rabi'atu tana ganinsa ta taga yana tsallaka titi, hannu ɗaya a gaba saboda motoci. Ba ta kuka a gabansu. Tana dafa abinci, tana auna masa suga, tana ba shi magani, yana cewa shukran kamar baƙo.

Ya yi ritaya a watan Sha'aban. Aka ba shi agogon bango da takardar yabo. Aka kuma ce yana da wata ɗaya ya zaɓa: ya karɓi abin da ya rage a asusun, ko ya bar shi a ciki.

Ranar Alhamis da hantsi ya kira ta majalisi. Wata bakwai rabon da ya kira ta da takarda a hannu.

"Mai shago ya tafi ƙasarsu. Karanta."

Ta karɓa.

"Yadda yake, Rabi'atu. Kar ki rage, kar ki ƙara."

"Dubu ɗari da casa'in da huɗu, Abuya."

"Da na bar shi inda kika sa?"

"Abuya..."

"Tambayarki na yi."

"Dubu ɗari uku da saba'in."

Ya gyaɗa kai. Ya daɗe yana murza carbi.

"Kar ki ɗauka wannan ya wanke ki."

"Na sani. Ko da ta faɗi a washegarin ranar, ban kyauta ba. Ka yafe mini, Abuya!"

Ya juya wajen ƙofa. "Fatsuma, ki kira uwar yaron nan. Ya zo bayan la'asar."

Muntaka ya zo cikin farar riga da ta sha guga, ya rame. Ya sumbaci goshin Abuya ya zauna a inda ya saba. Rabi'atu tana bayan labule da tiren shayi, ba ta shiga ba, ba ta kuma koma ba.

"To, malamin kasuwa," in ji Abuya. "Maganarka ta fito. Faɗi abin da ka zo faɗa."

"Ban zo da magana ba, Ammi. Kirana ka yi."

"Na'am. Ga shi an ba ni wata ɗaya. In fitar da abin da ya rage, ko in bari ta dawo?"

Rabi'atu ta riƙe numfashi. Ta san amsar nan ce za ta raba gardama, ba ta dai san wace amsa ba.

"Wallahi, Ammi, ban sani ba."

"Kai da ka hango faɗuwarta?"

"Shekara biyu ina cewa za ta faɗi. Da ka bi ni tun farko, da ribar da ka ci a baya ma ba ka ci ba. Dace na yi sau ɗaya. Abin da na sani kawai, kuɗin magani da na haya na shekara biyu bai kamata su kwana a can ba. Sauran kuwa... Allah ne masani."

Abuya ya sunkuyar da kai. Sai kafaɗunsa suka fara motsi. Da farko ta zaci kuka yake yi, ashe dariya ce, irin wadda ba ta da daɗi sosai.

"Ban sani ba! Shekara guda ina yawo a garin nan, daga Badaru har mai aski kowa ya sani. Ni ma na sani. Yau na ga mutum ɗaya da bai sani ba." Ya goge ido da gefen gutrar da ke kansa. "Ke ta bayan labule, shayin nan ya huce. Shigo."

Ta shigo ta ajiye tiren.

"Takardar nan tana ina?" ya tambayi Muntaka.

Muntaka ya zura hannu a aljihun ƙirji. Ta yi laushi saboda naɗewa da buɗewa, gefenta ya fara cinyewa.

"Kullum da ita kake yawo?"

"Eh, Ammi."

"Miskin." Ya karɓa ya shimfiɗa a kan gwiwa. "Babu gida a Madain Fahd, ka sani ko? A hayar nan za a yi biki, matan unguwa su cika matattakala."

"Ko a kan titi ne, Ammi."

"Rufe mini baki da zancen titi. Yalla, biro."

Ya karɓi biron ya fara lalube a ƙasan takardar. Wannan ba irin ta ofis ba ce da yatsansa ya saba da ita, layuka sun yi yawa. Ya tsaya. Muntaka ya yunƙura zai nuna masa, Abuya ya ɗaga masa hannu.

"Ba kai ba."

Ya juyo da fuskarsa wajen da yake jin numfashinta.

"Ya binti, karanta mini ita daga sama har ƙasa. Sannan ki ɗora hannuna a inda ya kamata."

Ta durƙusa a gefensa. Ta karanta kowane layi, har lambar da ke can ƙasa, muryarta na yankewa tana haɗawa. Da ta gama ta kama hannunsa, ta ɗora bakin biron a kan layin.

"Nan ne, Abuya."

Bai ɗaga takardar kusa da fuskarsa ba. Ya sa hannu kawai, da doguwar wutsiyar nan tasa, hawayenta na sauka a bayan hannunsa.