Waƙar Dakan Inna Cikin Kiɗan Ƙarfe

"Wagga ba waƙa ta ba, Ummulkhairi! Ihun aljannu na!"

Baba ya ture wayar kamar ta ƙona shi. Rashida, ɗiyar gwaggona, ta ɗauki abarta tana wani lumshe ido, wai ita mai tausayina.

Na ce, "Baba, don Allah ka ji ta har ƙarshe..."

"Na ji abin da ya ishe ni! Mai wanga haukan zan ba ɗiyata? Ki ce mishi kar in ƙara ganin kamiyonshi Illela."

Hayatu yake nufi. Direban motar siminti a Malbaza, wanda dattawansa suka riga suka zo gaisuwa gidanmu. Duk Lahadi shi da abokansa uku sukan taru a garejin wani mai walda a Ƙonni, da jita biyu masu lantarki da ganguna, suna irin kiɗan da Turawa ke kira metal. Su kiɗan ƙarfe suke ce masa. Jita ta yi ta ruri, ganga ta yi ta tsawa, sai can kiɗan ya lafa, muryar Hayatu ta shigo.

Wayyo, muryar nan!

Kauri gare ta, ƙasa-ƙasa, a ƙirji ake jin ta kafin kunne. Ranar da ya fara ce mini "Khairina", tulun da ke kaina sai da na sauke shi.

Rashida ma ta ji muryar, ta kuma so mai ita. Da ta ga ba ta samu shiga ba, sai ta yanko farkon waƙarsa, daidai inda babu komai sai rurin jita, ta kawo wa Baba.

Wata bakwai ban sa shi a ido ba.

Sau ɗaya ya kira.

"Khairina, ba ni tsallake maganar Baba. Amma wallahi kullum na kai mararrabar Illela sai ƙafata ta nemi birki da kanta."

"To ka bar kiɗan mana, Hayatu..."

Sai ya ce:

"In na bari, waƙar Inna fa? Wa za shi riƙe ta?"

Na kashe wayar na yi kuka har na gode Allah. Ai ni na ba shi waƙar. Waƙar daka ce da Inna Hawa'u, mahaifiyata, take yi tun ina goye, kuma tun da ta rasu shekara tara ba wanda ya ƙara rera ta a gidanmu. Hayatu kaɗai na taɓa rera wa. Ya ɗauke ta ya ɗora a kiɗansu, ya sa mai ganga ya riƙa bugu irin saukar taɓarya.

Na rame, har zobena ya fara zamewa. Rashida kuwa kullum tana gidanmu: "Ke dai ki manta shi, 'yar uwa." Allah ya isa tsakanina da wannan 'yar uwa!

Ran wata Laraba da la'asar ina dakan gero, wayata a ɗaure a bakin zane, abin saurare a kunnena. Waƙar nake ji a ɓoye, kamar kullum. Na ɗaga taɓarya, igiyar abin sauraren ta sarƙe a hannuna, ta fizge daga wayar.

Sai muryar Hayatu ta cika tsakar gida:

"Daka nikai ba don yunwa ba,
Don mai dawowa daga gona.
In ya jima, rana, ki jira shi..."

Ina juyowa na ga Baba a bakin zaure, hauyarsa a kafaɗa.

Na shiga uku! Na kai hannu zan kashe.

"Bari!"

Ya ajiye hauyar a hankali. Ya zauna a kan wani turmi da ke kife, shi da bai taɓa zama wurin dakanmu ba. Jita na kuka can ƙasa, ganga na sauka dum... dum... muryar na ta jan baitin.

"Wa ya ba shi waƙar Hawa'u?"

"Ni, Baba."

"Wagga ita Rashida ta jiyar da ni?"

"Ita ta. Farkonta kawai ta yanko."

Ya sunkuyar da kai. Ban taɓa ganin hawayen Baba ba, ko ranar jana'izar Inna.

"Ni taka yi ma ita," ya ce. "In na kawo bakin rijiya nika jiyo ta, in san an kusa dama fura. Shekara tara ina neman baitin ƙarshe cikin kaina, ya ɓace mini. Kunya ta hana in tambaye ki."

Na durƙusa gabansa.

"Maido ta daga farko."

"Baba, farkon akwai ihun..."

"Na ce daga farko!"

Ya daure wa rurin jitar yana yamutsa fuska, har muryar ta sake shigowa. Da aka kai baitin ƙarshe na ga leɓensa na motsi.

Ya share fuska da gefen rawani, ya miƙe.

"Ki kira shi. Ki ce ya taho da dattawanshi ran kasuwa."

"Baba!"

"Jitar ya baro ta cikin mota. Muryar kaɗai nika so ya shigo da ita, ya rera mini da bakinshi."

Na danna lambarsa. Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Khairina?"

"Hayatu... in ka kai mararraba, ka taka birkin."